Hoto Bai Nuna Komai Ba: Ciwon Ɓarin Kai Bayan Buguwar Wuya

Hatsarin da ke jawo wannan matsala sau da yawa ba ya ko tara jama'a. Mota ta tsaya a danja, ta baya ta zo ta doke ta, aka fito aka duba bamba, aka ɗan yi hayaniya kan kuɗin gyara, masu sulhu suka shiga tsakani, kowa ya kama gabansa. Ba jini, ba karaya. Wanda ke zaune a gaba ya ji wuyansa ya ɗan riƙe, ya murza da hannu ya ce Allah ya kiyaye gaba. Sai washegari da asuba, ya zo sallame salla, ya ga ba ya iya waiwayawa dama ko hagu sai ya juya har da kafaɗa. Bayan kwana uku ciwon kai ya taso daga ƙeya, ya bi ta bayan kunne, ya zo ya tare a bayan ido. Wata takwas da faruwar abin, an daɗe da gyara motar, ƙila ma an sayar da ita, shi kuwa har yanzu akwai ranakun da sai an saki labule, an kashe rediyo, an kora yara waje.

Ya je asibiti, an yi masa hoto. Likita ya ɗaga hoton ya duba, ya ce, "Malam, ka gode wa Allah, ƙashinka lafiya lau." Gaskiya likitan ya faɗa, kuma albishir ne. Sai dai kafin maganar ta iso gida ta canza kama, ta koma "an duba shi, ba abin da ke damunsa." Daga nan mai ciwon ya shiga jinya biyu, ga ciwon, ga kuma neman wanda zai yarda yana ciwon.

Kan babban mutum yana da nauyin kilo huɗu zuwa biyar, yana zaune a kan ƙasusuwa bakwai da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Idan aka daki mota ta baya, kujera takan tura gangar jiki gaba, kai kuwa ya tsaya a baya na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya fizgo gaba da ƙarfi. Duk abin bai kai rabin sakan ba, ya wuce kafin tsokar wuya ta ankara ta ɗaure. Turawa suna kiran raunin da sunan da ke nufin kaɗawar bulala. Ba mota kaɗai ke jawo shi ba, faɗuwa daga kan babur, karon Adaidaita Sahu, zamewa da kaya a ka, ko karo a filin ƙwallo, duk suna iya yi. Abin da kan ji ciwo shi ne ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙasusuwan ta baya, da igiyoyin da suka ɗaure su, da tsoka, da faifan guringuntsin da ke tsakaninsu. Hoton ƙashi kuwa ƙashi yake nunawa. Ko na'urar MRI mai tsada, wadda ke ɗaukar hoton nama da jijiyoyi, sau da yawa ba ta kama irin wannan rauni.

A 1995 wani kwamitin masana a lardin Kebek na Kanada ya kasa raunin mataki-mataki, daga wanda bai ji komai ba har zuwa mai karaya ko gocewar ƙashi. Mafi yawan mutane a tsakiya suke, wuya na ciwo ya kuma sage, amma laka da manyan jijiyoyi ba su taɓu ba. Da yawa sukan warke cikin makonni. Amma wani babban nazari da aka fitar a 2008, wanda ya tattaro binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, ya nuna kusan rabin waɗanda suka sami wannan rauni suna ci gaba da kukan ciwon wuya shekara guda bayan hatsarin, wasu kaɗan-kaɗan, wasu har ya hana su neman abinci.

To me ya haɗa wuya da ido? Jijiyoyi uku na can saman wuya, masu kai saƙon zafi daga ƙeya da gaɓoɓin farko, ba su da hanyarsu ta kansu zuwa ƙwaƙwalwa. Suna zubewa ne a mahaɗa ɗaya da wata babbar jijiya mai rassa uku, wadda ke kawo saƙo daga goshi da ido da fuska da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Kamar gidaje ne da yawa a kan mita ɗaya, ana ganin an sha wuta, ba a san gidan da ya sha ba. Gaɓa ce a ƙasan ƙeya ke kuka, ƙwaƙwalwa ta ɗauka a bayan ido ne. Wani likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Nowe, Ottar Sjaastad, shi ya raɗa wa wannan nau'i suna a 1983, wato ciwon kai mai tasowa daga wuya, kuma an daɗe ana gardama kafin likitoci su karɓe shi. Abin da ya ƙarfafa maganar shi ne aikin Nikolai Bogduk da abokan aikinsa a Ostareliya cikin shekarun 1990. Sukan sa allurar kashe zafi daidai kan 'yar jijiyar da ke kula da gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na biyu da na uku, su ga ko ciwon kan zai ɗauke. A cikin masu raunin bulala da ciwon kai ya fi addaba, kusan rabi daga wannan gaɓa ciwon nasu yake fitowa.

Da a nan maganar ta tsaya, da da sauƙi. Matsalar ita ce hanyar nan ana zuwa ana dawowa a kanta. Kamar yadda wuya ke jefa ciwo a ido, haka ciwon ɓarin kai, wanda asalinsa a ƙwaƙwalwa yake, ke jefa ciwo a wuya. Mafi yawan masu ɓarin kai, har waɗanda ba su taɓa buguwa ba, suna jin dokin wuyansu ya riƙe kafin ciwon ya taso ko lokacin da yake kan ganiyarsa. Saboda haka idan mutum ya ce "daga wuya yake faro mini," bai gaya wa likita wanne ne a ciki ba tukuna.

Ɓarin kai ba ciwon kai ne da ya yi tsanani kawai ba, cuta ce mai zaman kanta. Abin sha'awa, sunan da Bature ke kiranta da shi daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa rabin ƙoƙon kai, Larabawa suna cewa shaƙiƙa, mu muna cewa ɓarin kai, kowa abu ɗaya ya gani. Tana kama mutum daga awa 4 zuwa 72 idan ba a yi magani ba. Kai na sara kamar ana daka, zuciya na tashi, wani har amai, haske da ƙara su zama abokan gaba, ƙamshin da mutum ke so jiya yau ya gagare shi shaƙa. Sunkuyawa ko hawa bene na ƙara ta. Wasu kafin ta zo sukan ga walƙiya ko zane mai lanƙwasa a ido na wasu mintuna. Mutum sama da biliyan ɗaya ke fama da ita a duniya, mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku, kuma ƙididdigar cututtuka ta duniya ta 2019 ta sa ta a matsayi na biyu cikin abubuwan da ke cinye wa mutane shekarun lafiya, ta ɗaya kuma ga mata matasa.

Shin buguwa ce ke haifar da ita, ko tashinta take yi daga barci? A ganina, ga mutane da yawa na biyun ne. Idan ka tsananta tambaya sai ka ji mahaifiyarsa ma takan ɗaure kai tamau da ɗankwali ta shige ɗaka, ko shi kansa yana yaro ba ya shiga mota bai yi amai ba, ko yakan yi ciwon kai sau biyu ko uku a shekara da bai ɗauke shi bakin komai ba. Cutar tana bin jini. Da zarar wuyan ya bugu, saƙon zafi ya riƙa kwarara cikin waccan mahaɗa dare da rana, sai abin da a da bai isa ya tayar da ciwon ba, kamar rashin barcin dare ɗaya ko tsallake abincin rana, yanzu ya isa. Akwai kuma waɗanda ba su da wani tarihi, ciwon ya fara musu sabo fil. Kundin da likitocin duniya ke rarrabe ciwon kai da shi, bugun 2018, ya ce ana danganta ciwon kai ga raunin bulala idan ya fara cikin kwana 7, ana kuma kiransa mai naci idan ya wuce wata 3. Wannan ƙa'ida ce ta lissafi, ba ta faɗi abin da ke faruwa a cikin jiki ba.

Akwai dai alamun da ke taimakawa. Ciwon da ke fitowa daga wuya yakan tsaya a ɓari ɗaya ba ya ƙaura, juya wuya ko daɗewa a zama ɗaya na tayar da shi, kamar tela a kan keke ko direba a doguwar tafiya, kuma danna wani gurbi a ƙasan ƙeya na iya kirawo shi. Ɓarin kai kan sauya ɓari, yau dama gobe hagu, ya zo da tashin zuciya da ƙin haske, ya tafi ya bar mutum a wujijjige kwana guda. Amma mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun, kowanne na zuga ɗan'uwansa.

Saura tambayar da ta fi damun mai ciwo da iyalinsa: nama yakan warke cikin makonni ko 'yan watanni, me ya sa zafin bai tafi ba? A 1983 wani mai bincike a Landan, Clifford Woolf, ya nuna cewa idan saƙon zafi ya yi ta dukan laka, ita kanta lakar takan canza, ta riƙa kambama duk abin da ya iso gare ta. Kowa ya san irin motar nan da ƙararrawarta ta lalace, akuya ta goga jikinta ta tashi unguwa da kuka. Ba ɓarawo, amma ƙarar ta gaske ce, kuma ba wanda zai yi barci. Shi ya sa za ka ji mace ta ce taje gashi na mata zafi, kitso ya gagare ta, ko namiji ya ce hula ta yi masa nauyi. Rashin barci na ƙara wannan kambamawa, tsoro ma haka. Binciken da aka yi kan wa ke warkewa wa ke daɗewa ya nuna yawan lotsewar mota ba ya faɗin komai sosai. Abin da ya fi nuni shi ne tsananin zafin kwanakin farko, da firgicin da hatsarin ya bari, irin wanda gaba ke faɗuwa duk lokacin da aka ji ƙarar birki, da kuma ko mutum ya sa rai zai warke.

Wannan batu na ƙarshe ne wasu suka riƙa suka ce ai duk abin a zuciya yake. A 1996 an buga wani bincike daga Lituweniya, inda a lokacin yawancin direbobi ba su da inshorar da ke biyan diyyar rauni, aka ce waɗanda aka daki motarsu ta baya ba su fi sauran jama'a ciwon wuya ko na kai ba bayan shekara ɗaya zuwa uku. Masu cewa neman diyya ne ke raya ciwon suka samu abin kafa hujja, wasu masana kuma suka soki yadda aka tsara binciken da ƙarancin mutanen da ya ƙunsa. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, abin da mutum ke tsammani da yadda jama'a suka karɓe shi suna taɓa ciwo, wannan kuwa bai mai da ciwon ƙarya ba. A wajenmu ma, inda da wuya ka ga wanda aka biya ko sisi saboda wuyansa, masu wannan ciwo suna nan. Zargin ne kawai ya sauya riga, can a ce kwaɗayin kuɗi, nan a ce raki ko son jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ba ciwon da ya wuce wata uku rukuni nasa na kansa.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin shi ne aka fi yin sake da shi, shi ne kuma ya fi saurin gyaruwa. Mutumin nan da aka ce ƙashinsa lafiya, ina ya nufa? Kemis ɗin bakin layi. "A ba ni na ciwon kai mai ƙarfi." Aka haɗa masa farasitamol mai kafeyin (sinadarin nan da ke cikin goro da shayi) da diklofenak, ya sha ya ji daɗi. Jibi ya dawo. Bayan wata biyu ƙwayar tana aljihun gaba, wata a mota, wata a ƙarƙashin matashi, yana sha tun kafin ciwon ya zo don kada ya zo. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, ga mai ɓarin kai, maganin kashe zafi idan ya yi yawa shi kansa yakan zama sanadin ciwon kai. Iyakar a bayyane take: farasitamol, asfirin, ibuprofen da danginsu, kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku, magungunan da aka gauraya da kafeyin, da tiramadol da kodin, da magungunan ɓarin kai na musamman, kwana 10 kacal. A lura, kwanaki ake ƙirgawa, ba yawan ƙwaya ba. Wanda ke shan biyu kullum ya fi shiga haɗari a kan wanda ya sha shida a rana ɗaya ya huta mako.

Alamarsa ita ce ciwon ya daina zuwa yana tafiya, ya zama na kullum, mutum ya farka da shi da asuba, ya sha magani ya lafa na 'yan awoyi ya dawo. Shi a ganinsa cutar ce ke ƙaruwa, sai ya ƙara magani. Tiramadol ya fi kowanne muni a nan, don ba ya wani aikin kirki a kan ɓarin kai, yana saurin mai da shi na kullum, ga kamu. Binciken amfani da ƙwayoyi a Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma ba duka ne suka fara don neman maye ba. Diklofenak da ibuprofen na kullum kuma suna da nasu lissafin, gyambon ciki da taɓuwar ƙoda. Mafita ita ce a janye maganin, kuma gara a faɗi gaskiya, kwanakin farko har zuwa mako biyu ciwon yakan ƙaru kafin ya sassauta. Mai shan tiramadol ko kodin kada ya yanke rana ɗaya, a hankali ake saukowa, ƙarƙashin kulawar likita. Da yawa idan suka haye wannan siraɗi sukan ga ciwon kullum ya koma na jefi-jefi.

Shi wuyan fa? Abin tallafe wuyan nan mai soso da ake sa wa mutane, tun shekarun 1980 bincike ya nuna waɗanda suka fara motsa wuya da wuri sun fi waɗanda aka ɗaure aka kwantar saurin samun sauƙi, matuƙar an tabbatar ba karaya. Watanni a cikinsa raunana tsoka yake yi. Aikin likitocin gashi ya wuce gasawa da tausa, jigonsa atisaye ne na ƙananan tsokokin da ke can cikin wuya. Wani gwaji da Gwendolen Jull ta jagoranta a Ostareliya a 2002, kan mutum 200 masu ciwon kai daga wuya, ya nuna atisayen ya rage yawan ciwon, kuma sauƙin ya kai shekara. Kada dai a yi zaton abin al'ajabi. Wani gwajin a 2014, kan waɗanda raunin bulala ya daɗe a jikinsu, ya ga doguwar jinyar atisaye ba ta fi zama ɗaya na kyakkyawar shawara da bin ta a gida ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan labari ne mai daɗi.

Ɓarin kai kuwa maganinsa iri biyu ne, na tsayar da shi idan ya taso da na riga-kafi. Sumatriptan, wanda ya fito a 1991 kuma ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021, yana aiki ne idan an sha da wuri, amma bai dace da mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba. Na riga-kafi tsofaffi ne masu araha, kuma duk aro aka yi daga wasu cututtuka: propranolol na hawan jini ne, ba a ba mai asma, topiramate da valproate na farfaɗiya ne, suna kuma da haɗari ga ɗan tayi, dole mace ta gaya wa likita idan tana da ciki ko tana nema, amitriptyline na ciwon damuwa ne. Wannan na ƙarshen ya sha jawo rigima. Mutum ya buɗe kwali ya karanta takarda, ya ce wato likita mahaukaci ya ɗauke ni, ya jefar. Alhali ɗan kaɗan ake bayarwa da dare, don jijiyoyin zafi da barci. Dukkansu sai an ba su wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci, kuma idan kwanakin ciwo suka ragu da rabi, likita nasara yake kiran wannan. Akwai sababbin allurai da aka ƙera musamman don ɓarin kai, na farkonsu ya sami izini a Amurka a 2018 kan dala 6,900 a shekara. Wannan farashi kaɗai ya faɗi ko su wa aka yi wa.

Wanda asibiti ya sallama da "ba komai" dole ya nemi inda za a saurare shi, wajen wanzami, ko maɗori, ko mai ruƙiyya. Ba na ganin laifinsa. Abu ɗaya ne zan ja kunne a kai: kada a bari kowa ya murɗe wuya da ƙarfi don a ji ya yi ƙara. Manyan hanyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi, biyu daga ciki ma ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya suka ratsa, kuma tsagewar bangonsu na cikin sanannun dalilan shanyewar ɓarin jiki ga matasa. Haka nan, ciwon kai da ya faɗo lokaci guda kamar tsawa, ko hannu ko ƙafa su mutu, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, waɗannan ba na jira ba ne. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, musamman da bazara, mu da muka san sanƙarau ba sai an yi mana bayani ba.

Al'adarmu ta dubiya an gina ta ne don ciwon da ke da farko da ƙarshe. Mako na farko gida cike, ana kawo lemo da ayaba. Wata na shida, "Ya jiki?" ta zama gaisuwa kawai, amsarta kuma ɗaya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da ido ɗaya ake gani. Matar da ta bar wajen biki saboda turaren wuta da kiɗa sai a ce ta fiye girman kai. Magidancin da ya kasa fita kasuwa a ce ya zama malalaci. Har gaban likita wannan "da sauƙi" ke bin mutum, likitan da ke da layin mutum hamsin a waje ya rubuta farasitamol ya ce a kira na gaba.

Shi ya sa kalandar bango ta fi amfani a nan fiye da hoto na uku. Kowace rana a sa alama: an yi ciwo ko ba a yi ba, ya zo da tashin zuciya da ƙin haske ko daga ƙeya kawai ya tsaya, an sha magani ko ba a sha ba, ga mace kuma ranakun al'ada. Mai azumi ya lura ko ranakun da ya makara sahur ne, mai cin goro ko shan shayi ya lura da ranar da bai samu ba. Idan kwanakin ciwo suka kai 15 a wata, 8 daga ciki masu kamannin ɓarin kai, fiye da wata uku, sunansa ya canza a wajen likita, ya zama ɓarin kai mai naci, maganinsa ma ya canza. A ce mutumin namu ya koma asibiti bayan wata biyu, aka ce ya jiki, ya ce da sauƙi kamar yadda ya saba, sannan ya zaro takarda daga aljihu: watan jiya kwana 22 na ciwo, 9 da amai, 19 da shan magani. Likitan da ya san aikinsa, daga 19 ɗin nan zai fara.